Sauraron damuwar jama'a ma sana'a ce: hanyar zama sikolog ko asistan sosiyal a Nijar

Duk shekara da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, wayar gidan rediyon da muke aiki ba ta samun hutu. Iyaye na kira, ɗalibai na kira, tambayar kuwa kusan guda ce: yaro ya samu bak, ina za a kai shi? Wanda ya fito daga seri D kowa likitanci yake yi masa fata, ko aikin man fetur. Na seri A kuwa sai a ce ya je ya karanta shari'a, in ta ƙi ya kama alli. A tsawon shekarun da muka yi muna ɗaukar wannan waya, ba mu taɓa jin uban da ya ce yana son ɗiyarsa ta zama asistan sosiyal ba, ko ɗansa ya zama sikolog, wato masanin halayyar ɗan Adam mai sauraron mutane yana taimaka musu su fita daga damuwa. Alhali wayar nan guda, idan dare ya yi muka buɗe layi ga masu saurare, damuwa ce ke kwararowa ta cikinta har mu rufe tasha.

Bari mu fara da laifin kanmu, domin shi ne dalilin wannan rubutu. Wani dare, shekarun baya, wata baiwar Allah ta kira shirinmu tana kuka, ta ce mijinta na dukanta ga ta da juna biyu, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Mu kuwa da kyakkyawar niyya, muna bisa iska, muka shiga yi mata tambayoyi: ɗiya nawa gare ki, wace sana'a maigidan yake yi, kina da abokiyar zama? Ta amsa duka. Muka ba ta haƙuri, muka ce ta nemi waliyyinta, muka sa waƙa, muka koma gida muna ganin mun yi aikin lada. Bayan kwana biyu sai ga ƙanwarta a ƙofar gidan rediyo. Ashe maƙwabta sun gane muryar, mijin ya ji labari a fadar da yake shan shayi, kafin gari ya waye ya miƙa mata takardarta. Ba mu faɗi sunanta ba, amma tambayoyinmu sun faɗa. Magana zarar bunu ce. Tun ranar muka gane cewa karɓar damuwar mutum aiki ne mai ƙa'ida, koyonsa ake yi, kuma wanda bai koya ba yana iya kashe gida da bakin da yake nufin gyara.

Wane ne wane a cikin wannan aiki?

Mutane da yawa na haɗa ma'aikata uku su mai da su guda, alhali kowa da fagensa. Na farko shi ne likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya yi dogon karatun likitanci sannan ya ƙara wasu shekaru na ƙwarewa. Shi ke da ikon rubuta magani ga mai taɓin hankali, irin marasa lafiyar da ake kaiwa sashen da ƴan Yamai suka sani da Pabiyon E a babban asibitin ƙasa. Na biyu shi ne sikolog. Shi ba ya rubuta magani. Kayan aikinsa kunne ne da tambaya da sanin yadda tunani ke juya mutum, yana zama da mai damuwa sau da yawa, mako bayan mako, har mutumin ya gane abin da ke cin sa ya kuma samo mafita da kansa. Na uku shi ne asistan sosiyal, ma'aikacin kula da jin daɗin jama'a, wanda ke duba abin da ke kewaye da mutum: gidansa, abincinsa, takardunsa, haƙƙinsa. Shi ke zuwa har gida ya yi bincike, ya rubuta rahoto, ya haɗa mabuƙaci da ofishin da zai share masa hawaye.

Misali zai fi bayyana abin. A Danja, kusa da Maraɗi, akwai cibiyar da aka buɗe a shekarar 2012 domin mata masu yoyon fitsari. A ɗauki yarinya ƴar shekara 16 da ta kwana biyu tana naƙuda, ɗan ya zo babu rai, ita kuma ta tashi da wannan larura, miji ya juya mata baya. Likita zai yi mata aiki ya ɗinke inda ya yage. To amma wa zai zauna da ita kan ɗan da ta rasa, da kunyar da ta hana ta shiga cikin mata, da tsoron sake ɗaukar ciki? Wannan fagen sikolog ne. Wa zai je garinsu ya yi magana da iyaye da miji, ya nema mata wurin koyon ɗinki ko ɗan jari, ya tabbata idan ta sake samun ciki za a kai ta likita da wuri? Wannan fagen asistan sosiyal ne. In aka rasa biyun nan, ɗinki zai warke, yarinya ta koma gida da ciwon da ba a gani.

Ai muna da tsofaffi da malamai

Mun san abin da wasu masu karatu za su ce, domin mun sha jin sa: wannan ai kayan Nasara ne, mu muna da gwaggo da kawu, da liman da mai unguwa, tun kaka da kakanni su ke sasanta mu. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai raina su. Aure nawa ne ya tsira a zauren mai gari, rigimar gado nawa ce ta mutu a gaban malam? Sai dai akwai maganar da yarinya ba za ta iya faɗa wa gwaggo ba, musamman idan wanda ya cuce ta ɗan dangi ne. Akwai magidancin da zai gwammace ya mutu da cikinsa da ya gaya wa limamin unguwa cewa bashi ya sa ba ya barci. Ga kuma dubban mutanen da gudun hijira ko neman abinci ya raba da danginsu, babu gwaggon ma balle a kai mata kuka. Sannan maganin da muka fi bayarwa shi ne haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu ja, amma idan aka ce wa mutum ya yi haƙuri tun bai gama bayani ba, an rufe masa baki ne kawai.

Wani masani ɗan Amurka, Carl Rogers, wanda ya rasu a 1987, ya gina koyarwarsa bisa sharuɗɗa uku da har yau ake karantar da ɗalibai: mai sauraro ya sa kansa a matsayin mai magana har ya ji abin yadda yake jin sa, ya karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba, kuma ya zama mai gaskiya, fuskarsa da zuciyarsa su zama ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama gaban dattijon kirki zai ce ai wannan halin dattako ne. Bambancin shi ne makaranta tana mai da halin ya zama aiki mai tsari, mai rubutu, mai iyaka, wanda za a iya bincika in an yi kuskure.

Manyan wannan fage a Afirka ma ba su yi faɗa da al'ada ba. A shekarar 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta ta Nijeriya, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har ma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, Farfesa Henri Collomb ya shigo da ƴan jinya cikin magani, ya kuma mai da zaman tattaunawa irin na dandalin ƙauye ya zama wani ɓangare na jinya. A ƙasar Zimbabuwe kuwa, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama bisa benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi. Ke nan ɗan makaranta ba zai zo ya kori gwaggo ba. Zai zo ne ya ƙara mata sani, ya kuma karɓi abin da ya fi ƙarfinta.

Inda aikin yake jira

Wanda ke tambaya ko akwai aiki a wannan fage, ya dubi ƙasar. Tun harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, dubun dubatar mutane sun bar gidajensu a yankin tafkin Cadi, wasu na sansanin Sayam Foraj. Daga 2019 jihar Maraɗi ta karɓi ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda ƴan bindiga suka koro, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Jihohin Tilaberi da Tawa su ma sun ga nasu. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ce a wuraren da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga baƙin ciki mai tsanani da fargaba har zuwa taɓin hankali. Buhun gero da tabarma da tanti suna da amfani, amma ba su hana yaron da aka kashe ubansa a gabansa ya riƙa firgita cikin barci.

Ba yaƙi kaɗai ba. A watan Oktoban 2013 mutum 92, akasari mata da yara daga yankin Kance, sun mutu da ƙishirwa cikin hamada a hanyar Aljeriya, kuma shekara da shekaru ana sauke waɗanda aka koro daga can a Asamaka, hannu wofi, da kunyar komawa gida. Ambaliyar daminar 2024 ta shafi mutane sama da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan ƙasar nan ana yi musu aure kafin shekara 18, kashi 28 kafin shekara 15, kuma duk mun san yadda sakin aure ke biyo baya a garuruwanmu. Ga taramol da sauran ƙwayoyi da suka shiga jikin matasa, ƴan kabu-kabu da ƴan ga-ruwa har da ƴan makaranta. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aisha Maki, ɗiyar Damagaram da ta karanta ilimin zamantakewa, wanda ya fito a 2021, ya ga samarin unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyinsu na fale, ya kuma ga cewa bayan ƙarfe da tabon wuƙa akwai mutanen da ba a taɓa zama an saurare su ba.

A gefen gwamnati ma guraben suna nan. Manyan asibitoci na da sashen kula da marasa galihu, inda asistan sosiyal ke tantance wanda ba ya da halin biya. Tun 1999 ƙasarmu ke da alƙalan yara, aka kuma sabunta dokar a 2014, kuma alƙalin yara na buƙatar rahoton ma'aikacin da ya je gidan yaron ya ga yadda ake rayuwa kafin ya yanke ko kaso za a kai shi ko hannun iyaye. Akwai ofisoshin kare yara da ci gaban mata a jihohi da gundumomi, akwai gidajen kaso, akwai cibiyoyin gwajin sida inda ake buƙatar mai iya gaya wa mutum sakamakonsa ba tare da ya yanke ƙauna ba. Lise da kwaleji ma na buƙatar mai ba ɗalibai shawara kan zaɓen karatu, wanda da akwai shi ko'ina da wayarmu ta huta.

Hanyar karatu

To yaro ya samu bak, ina zai dosa? Mai son zama sikolog, hanyarsa a cikin gida ita ce Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam, inda akwai sashen koyar da halayyar ɗan Adam. Tsarin karatun shi ne wanda aka sani: lisansi shekara 3, masta shekara 2, dokta aƙalla shekara 3. A nan muna jan kunnen ɗalibai: lisansi kaɗai ba ta mai da mutum gwanin da zai zauna da mai ciwon zuciya shi kaɗai. A tsarin ƙasashe masu amfani da Faransanci, sai da masta da kuma doguwar koyon aiki a gaban wani gwani ake kiran mutum sikolog. Kuma karatun ba hira ba ce kamar yadda wasu ke zato. Akwai lissafin ƙididdiga, akwai sanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, akwai matakan girman yaro, akwai rarrabe cututtuka. Ɗan seri A da ya gudo daga lissafi zai tarar da shi yana jiran sa a bakin ƙofa.

Mai son zama asistan sosiyal kuwa, tsohuwar hanyar ita ce makarantun kiwon lafiya na gwamnati, wato ENSP. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, ta Damagaram kuwa iyayenmu sun fi sanin ta da tsohon sunanta ENICAS, inda aka horar da malaman asibiti da mataimakan aikin jin daɗin jama'a. Ilimin zamantakewa, wato sosiyoloji, shi ma ƙofa ce, ana karanta shi a Yamai da kuma Jami'ar Andre Salifu ta Damagaram, kuma da yawa daga masu aikin kare yara a ƙungiyoyi ta nan suka biyo. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Kafin uba ya sayar da rago ko ya jinginar da gona, ya nemi ganin takardar izinin makarantar, ya tambaya ko gwamnati ta amince da fannin da kuma difloma, ya tambaya ina ɗaliban bara suka yi koyon aiki. Mai hali ko mai rabon burs yana iya duba waje: Dakar na da makarantar ƙwararrun ma'aikatan jin daɗin jama'a ta ENTSS, Abijan na da INSFS, jami'o'in Nijeriya ma na koyar da fannonin biyu ga mai jin Ingilishi. A kowane hali a tabbata diflomar za ta samu karɓuwa idan an dawo gida.

Bayan difloma sai bautar ƙasa ta shekara 2, wadda ƴan boko ke kira sarbis sibik, sai rajista a hukumar samar da aikin yi ta ANPE, sai jiran konkur na shiga aikin gwamnati. Shawararmu ga ɗalibi ita ce kada ya jira difloma kafin ya fara sanin mutane. Tun yana shekarar farko ya nemi sitaj ko aikin sa kai a asibiti, a gidan marayu, a ƙungiyar naƙasassu, a Kuros Ruj ta ƙasa. A can zai gane ko zuciyarsa na iya ɗauka, kuma masu ɗaukar ma'aikata abin da suka fara tambaya ke nan: ina ka taɓa aiki? Ya koyi rubuta rahoto mai tsabta da Faransanci, ya iya kwamfuta, domin rabin aikin asistan sosiyal rubutu ne, kuma rahoto guda marar kyau na iya kai yaro kaso.

Akwai kuma gajerun horo masu amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 domin malaman asibiti na karkara su iya gane larurar ƙwaƙwalwa su fara taimako, sannan a 2011 ta fitar da jagoran taimakon gaggawa ga wanda bala'i ya afka wa, mai matakai uku: duba, saurara, haɗa shi da mai taimako. Malamin makaranta da ungozoma da liman da mu ƴan rediyo duk muna iya koyon wannan. Amma horon kwana biyar a ɗakin taro, da takardar shaida da kuɗin zama, ba ya mai da kowa sikolog. Wanda ya san iyakarsa ya fi amfani da wanda ya ɗauki abin da ba zai iya saukewa ba.

Babban jarin ɗan ƙasa shi ne harshe. Karatu da Faransanci ake yin sa, amma ciwo da Hausa yake magana, da Zabarmanci da Barbarci da Fillanci da Buzanci. Mutuminmu ba zai zo ya ce yana da wata cuta mai sunan boko ba. Zai ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko kansa na ɗaukar zafi, ko tunani ya yi masa yawa, ko jikinsa ya mutu, ko an yi masa sammu, ko iska ta taɓa shi. Baƙon gwani da tafinta zai ji kalmomin ya rasa abin da ke bayansu, kuma mace ba za ta faɗi sirrinta a gaban tafintan da ya san mijinta ba. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Aiki ya rage ga ɗalibanmu su zauna su tattara kalmomin da jama'a ke bayyana damuwa da su, su rubuta, domin na baya su samu abin karatu. Wanda ya ji harsunan ƙasa biyu ko uku ya riga takwaransa nisa.

Abin da ba a gaya wa ɗalibi

Ba za mu yaudari kowa ba, hanyar na da ƙaya. Gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata a wannan fage da yawa, kuma mai difloma na iya shekaru yana jiran konkur. Ƙungiyoyin agaji sun fi biya, amma aikin foroje kwantaragi ne na wata shida ko shekara, ranar da kuɗi suka ƙare aiki ya ƙare. An ga haka a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyuka da dama suka tsaya a ƙasashen Afirka. Mai albashin foroje ya yi tanadi, ya ci gaba da karatu, kada ya ɗauki rayuwar da ba zai iya riƙewa ba. Buɗe ofishi na kanka ma ba sauƙi, domin mutumin da zai ba boka jikka goma ba tare da ciniki ba, zai yi mamaki a ce ya biya jikka biyu don an saurare shi babu ko ƙwayar magani. Ga kuma bakin mutane: za a ce mai aikin mahaukata, za a ce wa yarinya wa zai auri mai yawo gidajen mutane tana tono asiri.

Nauyi na biyu a zuciya yake. Wanda ya wuni yana jin labarin fyaɗe da kisa da yunwa, da shi zai koma gida. Wasu barci ke ƙaurace musu, wasu su zama masu faɗa da iyali, wasu zuciyarsu ta bushe har su daina jin tausayi. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce kowane ma'aikaci ya samu wani babba a fagen da zai riƙa zama da shi yana sauke masa kaya, ya kuma riƙe hutunsa da ibadarsa da zumuncinsa. Sannan ya koyi cewa a'a. Asistan sosiyal da ke zaro kuɗin aljihunsa ga duk wanda ya yi kuka, kafin tsakiyar wata shi ma ya zama abin taimako. Ba ya karɓar ɗan uwansa ko budurwarsa a matsayin mai neman shawara, ba ya karɓar goro domin ya sa sunan wani a jerin masu samun agaji, ba ya mai da raunin mace hanyar nemanta.

Nauyi na uku, wanda ya fi duka, shi ne sirri. A garuruwanmu kowa ya san kowa. Matar da ta zauna gabanka da safe, da maraice za ka haɗu da mijinta a masallaci, uwar mijin kuma ƙawar innarka ce. Za a tambaye ka cikin wasa, za a tambaye ka cikin zumunci, wani mai muƙami ma zai tambaye ka cikin iko. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar da magana guda ta fita daga bakinka zuwa fada, ba kai kaɗai ka mutu ba, duk masu sana'ar sun rasa amincin garin. Inda kawai ake buɗe sirri shi ne idan rai na cikin haɗari, kamar wanda ya ce ya gaji da duniya yana shirin kashe kansa, ko zai cutar da wani, ko yaro ne ake zalunta, nan ma ga wanda zai iya ceto kaɗai ake faɗa, kuma tun zaman farko ake sanar da mutum wannan iyaka. Duk saurayi ko budurwar da ke sha'awar wannan aiki ya tambayi kansa tun yau: sirrin abokina nawa na taɓa riƙewa?

Kiranmu

Ga hukumomi, muna roƙon a riƙa tuna wannan fage idan ana buɗe konkur, a kai ma'aikatansa har gundumomi, kada su taru a Yamai, a kuma tsare sunan sana'ar domin kada kowa ya rataya allo ya ce shi sikolog ne. Ga iyaye, idan ɗiyarku ko ɗanku ya nuna sha'awa, kada ku kashe masa gwiwa da cewa ba a yin arziki da shi. Ku taya shi bincike, ku kai shi ya ga masu aikin da idonsa. Ga malamai da sarakuna, waɗannan yara abokan aikinku ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, Talata ta uku a watan Maris kuma ranar ma'aikatan jin daɗin jama'a. Ya kamata lise-lise su riƙa gayyatar masu aikin a waɗannan ranaku su yi wa ƴan ajin ƙarshe bayani.

Mu kuwa ƴan rediyo, tun abin da ya faru da baiwar Allar nan muka canza tsari a shirinmu. Duk wanda ya kira da maganar da ta shafi sirrin gidansa, mukan sauke shi daga iska nan take, mu saurare shi a gefe, mu nuna masa inda zai je. Matsalar ita ce sau da yawa idan mai kiran yana wani ƙauye mai nisa, mukan duba takardarmu mu rasa sunan wanda za mu tura shi wurinsa. Wannan gurbin ne muke fatan wani daga cikin masu bak na bana zai cike. Ita kuwa baiwar Allar, muna sake neman gafararta. Allah ya ba mu kunnen ji da cikin riƙe amana, ya yi wa yaranmu zaɓi mafi alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, mu kwana lafiya.